Asibitin Gwaggo Nas

Zuwa ga Gwaggo Nas,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya da uwa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da aiki. Na san sai kin juya ta gaba da baya kafin ki gane mai rubutun. Ni ce 'yar Gajere tela, ta biyun, wadda kika cire wa ƙaya a tafin ƙafa shekarar da kika zo gida, ina ta kurma ihu kamar ana yanka ni. Yanzu ni malama ce, ina koyar da 'yan aji uku. Baba yana nan lafiya, sai dai ido ya fara gardama, sai an zura masa zare a allura. Har yau hotonki da farar riga yana rataye a shagonsa. Duk wanda ya zo gwada kaya sai ya ji labarin cewa muna da nas a dangi, a babban asibitin haihuwa.

Gwaggo, na fi mako ina fara wasiƙar nan ina yagawa. A waya ba zan iya ba, bakina ba zai furta ba, ga shi bangon ɗakinmu ko tari mutum ya yi maƙwabta sun ji. Shekarata tara da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Na sha abin da aka ce in sha, na je inda aka ce in je. Likitan ƙarshe ya ce hanyoyin ƙwan nawa a toshe suke duka biyu, abin da ya rage sai dashe, wato a ɗebi ƙwan a haɗa shi a waje sannan a mayar mini. Maigidan, mai gyaran firiji ne, ya yarda. Mun tattara abin da za mu iya, kuma na gwaji ɗaya ne tak. In ya tafi ya tafi ke nan.

Asibiti uku muka leƙa. Kowanne da hotunan jarirai har rufi, kowanne ya ce shi ne gwani, na fito kaina yana juyawa. Sai maigidan ya ce, "Wai ke da kike da uwa a cikin aikin, yawon me muke yi?" Shi ne na cire kunya na rubuto. Muna so mu zo naku. In ina kwance na buɗe ido na ga fuskarki, hankalina zai kwanta.

Shi kuma, da yake kowa da abin da ya dame shi, ya ce in tambaye ki wai akwatin ɗumin da ake ajiye ƙwan a ciki, in wuta ta ɗauke me yake riƙe shi? Na ce masa wannan ba firijin mai kifi ba ne. Ya ce in dai tambaya.

Don Allah kada Baba ya ji. Kada kowa ya ji. A makaranta ma cewa zan yi ciwon ciki ne.

'Yarki,
'yar Gajere

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Direban motar garinku ya kawo takardarki har hannuna. Na gane ki mana, wa zai manta wannan ihun? Kunnena na hagu har yau bai dawo daidai ba. Ina lafiya, sai gwiwa, ita kuwa mun saba, ta yi ƙara in yi tsaki. Ki gai da Gajere, ki ce masa ya sauke hoton nan haka nan, ai ya koɗe.

Na karanta, na sake karantawa. Shekara tara kina ɗauke da wannan ke kaɗai, kina wanke wa 'ya'yan mutane hanci. Allah ya sa ƙarshen wahalar ke nan. Bakina kuma a ɗinke yake, kada ki damu.

To buɗe kunne. Kada hoton jarirai ya ruɗe ki, hoto kowa yana iya mannawa. In suka ce miki kaza cikin ɗari suna samun ciki, ki ce ba ciki kika tambaya ba, nawa ne suka haihu suka tafi gida da ɗa a hannu, kuma a cikin sa'anninki. Wanda ya ce miki tabbas za ki samu, ɗauki jakarki ki fita, shi ba Allah ba ne. Wanda ya fara danna miki allura bai auna mijinki ba, shi ma haka. Kada ki tsaya ga likita mai babban tebur, ki ce kina son ganin wanda yake haɗa ƙwan a ɗakin gwaji, ki tambaye shi shekararsa nawa a wurin. In duk wata shida sabuwar fuska ce, akwai dalili. Ki faɗa musu ranar Lahadi ba sanarwa, ki ga ko akwai mai rai a ciki. Ki shiga bayinsu, ki leƙa kwandon shara, ki duba ko allura suna zube tare da takardu.

Tambayar mijinki kuwa ki riƙe ta da hannu biyu. Ki yi wa kowane asibiti ita, kuma ki ce a nuna muku, ba a faɗa muku da baki ba.

Amma maganar zuwa namu, a'a. Kada ki zo. Nan ya yi muku nisa, kuma ba na so a gan mu tare a wurin. Ki bar shi haka, kada ki tambaye ni.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Allah ya ba gwiwa sauƙi. Mu ma muna lafiya.

Na gode da shawara, na kwafe ta a bayan littafin darasi. Layin ƙarshen ne na karanta ya fi sau goma. Ba kya so a gan mu tare. Na gane, Gwaggo, kuma ban ga laifinki ba. Mace mai daraja irinki, abokan aiki suna girmama ta, sai a wayi gari ga 'yarta a kan bencin juyoyi tana jiran a kira lamba. Ni ma da ina da inda zan ɓoye kaina da na ɓoye. Amma wallahi ban zaci daga wajenki zan ji ba. Ranar da na karanta ban iya shiga aji ba, na tsaya a bayan ofis kamar yarinyar da aka kora.

Duk da haka naku za mu zo. Na kira su, wadda ta ɗauka ta yi mini magana mai daɗi, ta ba ni ranar sha biyu ga watan gobe in zo a fara allura. Ba ki amsa tambayar maigidan a kan naku ba, amma na ce masa ya bar ta. Wurin da kika yi shekara goma sha huɗu ba ki bar shi ba, ai ba sai an nuna mini komai ba. Zamanki a wurin ya ishe ni shaida.

Kada ki damu, ba zan gaishe ki ba. In mun haɗu a baranda zan sunkuyar da kai in wuce kamar kowace mara lafiya. Babu wanda zai san jininmu ɗaya.

'yar Gajere

*

'Yata,

Ina lafiya, ko in ce ina numfashi. Ba zan ja gaisuwa ba, don in na ja ba zan faɗa ba.

Ke yarinyar nan, kunyarki nake ji? Ni? Kaico. Zauna ki karanta.

Ni ba nas ba ce. Ban taɓa zama nas ba. Shara nake yi da goge-goge, ni ce mai bokiti, ni ce mai kwashe kwandunan da na ce ki leƙa. Makarantar nas ɗin da na bar gida dominta, a shekara ta biyu na faɗi jarrabawa aka sallame ni, na kasa komawa in kalli idon mutanen da suka raka ni tasha. Farar rigar hoton nan aro ce, minti biyar na sa ta na mayar wa mai ita. Ubanki ya fara kirana Gwaggo Nas, na yi dariya ban gyara ba, sunan ya bi ni. Abin da ya sa na ce kada a gan mu tare ke nan, kada ki buɗe ido ki gan ni durƙushe da tsumma a ƙarƙashin gadonki.

Da wannan ne kaɗai da na bar ki kin zo, kin gani, na mutu da kunyata. Akwai wanda ya fi shi.

Shekara uku da suka wuce, ranar wata Asabar da hantsi, aka ce in goge daɓen ɗakin gwaji da inji, wai Litinin manyan baƙi za su zo. A ƙa'ida ba a shiga ɗakin nan da inji, amma tsohon mai haɗa ƙwan ya bar aiki, sabon bai fi wata biyu ba, ya ba ni mabuɗi ya tafi abinsa. Na nemi inda zan jona injin, ko'ina a cike. A bayan kabad akwai doguwar waya mai baki huɗu, filogi huɗu baƙaƙe, duk iri ɗaya, babu rubutu a kan ko ɗaya. Na zare ɗaya, a zatona na fanka ne. Na goge daɓe har yana ɗaukar ido. Ina cikin naɗe waya aka ƙwala mini kira wata ta yi amai a ɗakin jira. Na fita da gudu, na kulle ƙofa, ban mayar ba.

Na akwatin ɗumi ne, 'yata. Ƙararrawarsa kuwa an daɗe da kashe ta, wai tana damun mutane duk lokacin da aka juya zuwa janareta. Lahadi babu mai zuwa. Sai Litinin da safe aka buɗe aka tarar ya yi sanyi. Ƙwan mata uku ne a ciki, an riga an haɗa, suna jiran a mayar musu.

Mai asibitin ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce, "Ba ki ga komai ba, ba ki taɓa komai ba. In kika buɗe baki ke za a ɗaure, ba ni ba." Ina tsaye da bokiti a baranda aka riƙa shigar da matan ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar ba ta rufuwa sosai. Na ji yana ce wa kowacce ƙwanta ne ba shi da ƙarfi, bai girma ba, sai haƙuri. Ɗaya daga ciki mai sayar da takalma ce, mai fara'a, kullum in ta zo allura sai ta ce, "Inna, sannu da aiki," har ta kwatanta mini shagonta ta ce in zo ta zaɓar mini mai laushi saboda gwiwa. Ranar ta fito tana kuka, ta ga na goge wurin, ta ce, "Yi haƙuri Inna, zan taka miki." Haƙuri ta ba ni. Tun daga ranar ban ƙara bin layin shagonta ba, gara in zagaya ta bayan tasha da gwiwar nan.

Kin ce zamana shaida ne. Ba shaidar komai ba ne, tsoro ne da rashin wurin zuwa. Ga amsar mijinki: babu abin da yake riƙe akwatin sai wayar nan, tana nan a bayan kabad har yau. Abin da aka ƙara kawai, an naɗa wa filogin salatif. Mai haɗa ƙwan da yake nan yanzu shi ne na biyar tun ranar.

Ki raina ni, ki gaya wa Gajere, ki yaga hoton. Amma don girman Allah kada ki kawo gwajinki ɗaya tak wurin nan.

Gwaggonki

*

'Yata,

Ina gaisuwa. Mako biyar ke nan ba amsa. Direban ya rantse a hannunki ya sa takardar, har ya fara gudun haɗa ido da ni don yawan tambaya.

Ranar sha biyu na wuni ina goge bakin ƙofa, wuri ɗaya, har mai karɓar baƙi ta ce ko so nake in huda daɓen. Duk wadda ta shigo sai na ɗaga kai na duba fuskarta. Ban gan ki ba. Ban sani ba ko kin fasa ne ko ranar kika ɗaga. Ba sai kin gaishe ni ba. Kalma ɗaya ta isa, ki ba direba da baki ma in rubutun ya yi miki nauyi.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gai da gwiwa. Ki yafe mini shirun, da kuma maganar da na faɗa miki a waccan takarda. Na ɗora miki abin da ba shi ne a ranki ba. Duk lokacin da na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na fasa. Mun koma ɗaya daga cikin ukun da muka fara leƙawa, wanda na fi rainawa don kujerunsa na roba ne. Ranar Lahadi muka faɗa musu kamar yadda kika ce, muka tarar da mai haɗa ƙwan tana ciki tana rubuta ɗumin akwati a littafi. Shekararta goma sha ɗaya a wurin. Ba ta bar mu mun shiga ɗakin ba, ta taga ta nuna mana. Maigidan ya manna goshi a gilashi kamar yaro a shagon alewa, yana ta tambaya, har na fara jan rigarsa. Akwatin yana da layin wutarsa shi kaɗai, jan filogi a cikin keji mai kwaɗo, ga batir, kuma in ɗumi ya sauka wayar mutum uku ce take ƙara. Ba su yi mini alkawarin komai ba. Likitan ya ce a shekaruna wajen ɗaya cikin uku ne suke tafiya gida da ɗa. Shi ma maigidan an auna shi. Na fara allura shekaranjiya, cikina har ya fara tabo.

Maganar farar riga, na yi kuka, amma ba don tsintsiya ba. Baba ba zai ji daga bakina ba. Abin da kika sani da bokiti ya fi abin da likitocin nan uku masu babban tebur suka faɗa mini.

Matan nan uku ne suka hana ni rubutu. Gwaggo, na san abin da suke yi, don ni ma shi nake yi. In na yi wanka ba na son kallon cikina. In maigidan ya yi shiru sai in ce tunanin asarar da ya yi a kaina yake. Ni aƙalla gaskiya aka faɗa mini, hanyoyina a toshe suke. Su kuwa shekara uku suna tsine wa jikin da bai yi musu laifi ba. Jiya a ɗakin jira na kalli wadda take gefena na ce a raina, ko ɗaya daga cikinsu ce?

Ban isa in sa ki ki je ki faɗa musu gaskiya ba, ke uwa ce. Kuma yafiyar wannan ba a hannuna take ba. Na so in ce ki zo ki riƙe hannuna ranar ɗiban ƙwai, na ɗauki biro na kasa rubutawa. Gara in faɗa miki gaskiya.

'Yarki

*

'Yata,

Takardarki ta zo, na yi hamdala har mai karɓar baƙi ta leƙo. Allah ya sa allurar ta karɓe ki. Ki riƙa sauya gefe kullum, ki ɗora ƙanƙara kafin a tsira, tabon zai ragu. Ki gai da mai firiji, ki ce na sara masa. Gwiwa tana nan, jiya ma ta sha tafiya.

Ba ki sa ni ba, na sani. Ranar Talata na ajiye wa masu asibitin mabuɗi da bokitinsu, na bar aikin. Na je ofishin da ke ba asibitoci izini na faɗi abin da na sani, aka rubuta, na sa hannu. Sun ce za su neme ni, sauran matan biyu kuma sunansu yana cikin takardun asibiti. Ban san abin da za a yi mini ba. Wannan bai ba ni tsoro ba kamar layin masu takalma.

Jiya na bi layin. Sau biyu ina wuce shagon kafin na tsaya. Ta rame, amma ta gane ni nan take. Ta ce, "Lah, Inna! Sai yau? Zauna in duba miki mai laushi." Ta durƙusa ta kama ƙafata za ta gwada mini. Na ce, "Tashi, 'yar nan, ba takalmi ya kawo ni ba." Na faɗa mata duka, tun daga injin har abin da na ji ta ƙofa. Ban rage komai ba, ban ce an sa ni ba, na ce hannuna ne ya zare.

Ba ta yi ihu ba. Takalmin yana hannunta. Can ta ce, "Ƙwan nawa, guda nawa ne?"

Na ce, "Huɗu. Na gani a takardar da aka manna a ƙofar akwatin."

Ta ce, "Suna da rai?"

Na ce, "Ranar Juma'a kafin Asabar ɗin na ji mai haɗawa yana cewa naki ne suka fi kyau."

Sai ta zauna a kan bencin masu sayayya, ta dafe cikinta da hannu biyu, ta daɗe a haka. Ta ce mijinta ya so su sake gwadawa a wani wuri, ita ce ta hana, ta ce kada ya ƙara wahala a kan macen da ƙwanta matattu ne. Shekara uku tana ba shi haƙuri. Na buɗe baki zan roƙi gafara, ta ɗaga hannu ta ce, "Fita mini daga shago." Na fita, kuma da gaskiyarta.

Ban kai bakin titi ba na jiyo ta a waya da mijinta, da ƙarfi, duk layin suna ji, ko a jikinta. Tana kuka tana cewa, "Ba ni ba ce. Kana ji na? Ba ni ba ce."

Gwaggonki